Gam ɗin Sodangi

Ranar Litinin da aka fito da Baba daga ɗakin tiyata, ƙanena Sodangi ne ke tura gadon. Yana cikin koren kaya irin na masu aikin ciki, ƙyallen rufe baki yana rataye a wuyansa. Ni kuwa tun hantsi nake tsaye a baranda, tabarma a hammata, buta a hannu. Da suka zo wucewa na matsa in ga fuskar Baba, sai Sodangi ya ce, "Yaya Illo, ɗan ja baya, kayanka na warin hwata."

Na ja baya. Gaskiya ya faɗa, daga wurin aiki muka ɗauko Baba, ban samu na canza riga ba.

Mu masu tandu ne, a Unguwar Rogo gidanmu yake. Ɗanyar fata ake kawo mana, mu jiƙa ta, mu kankare gashin, mu fere ta siriri. Sai mu ɗora a jikin abin da muka gina da yumɓu, baki a kan baki, mu bi haɗin da dakakkiyar fata muna murzawa da ɗan yatsa har ya ɓace. In ya sha rana ya bushe, a fasa yumɓun a zazzage, abin da ya rage shi ne tandu, a zuba man shanu ko zuma ko tozali. Ba allura, ba zare. Aikin duka a wurin haɗi yake, don nan mai ke bi ya fita. Shekara goma sha huɗu ina zaune gefen Baba ina wannan aiki. Shi Sodangi bai yi wata uku ba Baba ya ce hannunsa ba na sana'a ba ne, aka kai shi boko. Daga baya ya samu aiki a babban asibiti, yana dafa kayan tiyata yana miƙa wa likita. Shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi ya sayi babur ja, a shekarar ne kuma robobi suka fara cika kasuwa, mata suka rage neman tandu.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kama sunana, ba ya yabona a gaban mutane. Haka kowa ke yi da ɗan farinsa, na sani. In na gama tandu sai ya ɗauka ya hura masa iska, ya toshe bakin da babban yatsa, ya kara a kunci. In bai ji iska tana fita ba sai ya sa a kwando ya yi shiru. Wannan shirun ya ishe ni shekara da shekaru. Ban taɓa jin ya yi mini kaɗan ba sai a asibitin nan.

Hanjin Baba ne ya murɗe. Kwana biyu cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ba bayan gida, ba iska. Likitan, wani dogo ɗan Masar, ya yanke wurin da ya mutu ya zubar, ya haɗa baki biyun ya ɗinke. Sodangi ne ya yi mana bayani a baranda, ni da Inna da Gwaggo Hajjo, ƙanwar Baba da ta zo daga Dundaye.

"Abin tsoro ga wanga aiki, ɗinkin shi yi yoyo," in ji shi. "In abin da ke cikin hanji yaz zuba cikin ciki, to sai wani ikon Allah. Amma Likita ya zo da wani gam daga hutu. Kwalba biyu na, ƙanana, cikin firji aka aje su. A haɗa su a shahwa bisa ɗinkin, nan take shi kama. Kaɗan yar rage mishi, ni nar roƙe shi shi sa ma Baba. Ni kuma nah haɗa da hannuna nam miƙa."

Gwaggo Hajjo ta kama hannun nasa ta juya shi tana kallo. "Wanga hannu, Allah shi yi mishi albarka."

Na ce amin tare da kowa.

Mata ba sa kwana a ɗakin maza, don haka ni ne mai jinya. An sa wa Baba ƙarin ruwa a hannu, an ce ko ruwa kada ya sha sai an ba da izini. Akwai kuma wata siririyar roba da ta fito daga gefen cikinsa ta sauka cikin wata kwalba a ƙarƙashin gado. Sistar ɗakin ta nuna mini yadda zan zubar in ta duba, in ɗauraye in mayar. Ruwan da ke taruwa ja-ja ne, kamar ruwan wankin nama.

Washegari Baba ya samu baki. Masu dubiya suka yi ta zuwa, 'yan unguwa da 'yan kasuwa, kowa kuwa ya tsuguna ya gaishe shi magana ɗaya yake ji.

"Sodangi na yal liƙe ni."

Na ji ta da safe, na ji ta da azahar, na ji ta da la'asar. Yana faɗa yana ɗan murmushi, leɓɓansa a bushe, ni kuma ina jiƙa auduga ina shafa masa. Sodangi kan leƙo sau biyu a yini, ya taɓa robar ƙarin ruwa, ya karanta takardar da ke ƙafar gado, ya tafi. Duka-duka bai fi tsawon alwala ba. Amma in ya shigo har marasa lafiyan sauran gadaje sai su gyara kwanciya su ce, "Sannu, ƙaramin likita."

Ranar Laraba Tambari ya zo. Mahauci ne, shi ke kawo mana fata, abokin Baba tun suna yara. Ya tarar da Inna da Gwaggo da Sodangi duk suna nan.

"Ladan," in ji shi, "shekara arba'in kana liƙe hwatar dabbobin mutane, yau ga shi kai anka liƙe."

"Bari ba ni dariya, ɗinki gare ni."

"Da kun kawo mini kai. Hanji nawa nika taɓawa kullum kahin hantsi?"

"Kai kwancewa kas sani," in ji Baba. "Ɗaurewa sai ɗana."

Aka yi dariya. Sodangi ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Sai Tambari ya waiwayo wurina, ina zaune ƙasa a bakin gado.

"Kai hwa, Illo? Kai am mai haɗi. Mi kag gani ga gam ɗin Turawa?"

Da na ce Allah ya sa albarka da shi ke nan. Amma maganar ta kwana biyu a maƙogwarona, sai ta fito da kanta.

"Haɗin da bai sha rana ba ni ban yarda da shi ba. Sai ran da anka zuba mai mu gani."

Har mai gadon kusa sai da ya juyo.

"Bakinka shi sari ɗanyen kashi," in ji Gwaggo Hajjo. "Tohe yawu. Ubanka na kwance kana hwaɗin haka?"

Na tofar. Sodangi ya dube ni sau ɗaya ya fita. Baba ya juya fuska wajen bango. Tambari ya kawo zancen tsadar shanu don a wuce wurin, amma ba wanda ya taya shi.

Ranar Alhamis da yamma shaƙuwa ta kama Baba. Ta yi ta tafiya tana dawowa. Ranar Juma'a da safe na jawo kwalba don in zubar, sai na ga ruwan ya canza. Jan ya tafi, ya koma gurɓatacce kamar ruwan tsari, da wasu 'yan baƙaƙen abubuwa a ƙasa. Na kai kwalbar bayan ɗaki, na buɗe na kai hanci.

Wanda ya tashi a gidan fata hancinsa ya san wari daki-daki. Na san na jini, na san na fatar da ta daɗe a tukunyar jiƙo, na san na tumbi in wuƙar mai fiɗa ta kuskure ta huda shi. Wannan na ukun ne. Kaɗan ne, amma shi ne.

Zan faɗi abin da na fara ji, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Kafin tsoro ya zo, wani sanyi ne ya ratsa ƙirjina, irin na wanda alƙali ya ce shi ke da gaskiya. Bai daɗe ba, amma ya zo. Na tsuguna a wurin ina ta istigfari. Daga nan kuma sai na rasa wanda zan yarda da shi, hancina ko zuciyata. Mutumin da ya kwana biyu yana jiran abu, ai zai iya jin warinsa ko babu. Na tafi famfo na wanke fuska, na shaƙa ruwa na fyace, na tsaya iska ta buge ni, na dawo na sake shinshinawa. Yana nan. Ban zubar ba, na mayar da kwalbar yadda take.

Na taɓa goshin Baba, da zafi. Numfashinsa gajere-gajere, ya kama ƙarfen gado da hannu ɗaya.

"Baba, cikin na ciwo?"

"Wa yac ce maka?"

"Na ga ka riƙe gado."

"Gadon ga na da santsi." Ya yi shaƙuwa, ya runtse ido har ta wuce. "Kai, ji nan. Kar ka je ka tada ma yaro hankali. Aiki garai. Ya yi ƙoƙarinai."

Nan na gane ya san akwai abu, yana dannewa ne don kada a ce aikin Sodangi ya ɓaci.

Na sami Sista tana raba magani. Gado arba'in ne a hannunta ita kaɗai ranar. Ta sa masa abin awon zafi, ta ce ɗan zazzaɓi bayan tiyata ba baƙon abu ba ne, Likita zai zagayo gobe da safe. Ta leƙa kwalbar daga tsaye, ta ce in faɗa wa ƙanena, tun da shi ya san aikin. Ita ma tana ɗakin ranar Laraba, ta ji abin da na ce.

Na zagaya ta bayan ɗakin tiyata inda ake dafa kaya. Sodangi yana jera almakasai a faranti, tururi yana tashi a bayansa.

"Sodangi, zo ka diba kwalbar Baba."

"Mi yaf faru da ita?"

"Ruwan ya sake. Shina wari."

Ya ci gaba da jerawa. "Na gani da sahe. Haka shika yi wani lokaci."

"Ka gani, ba ka shinshina ba."

Ya ajiye almakashin da ke hannunsa. "Yaya, tun ran Litinin kaka jiran wagga rana."

"Ban ce zuciyata hwara ta ba. Allah na gani. Amma zo ka kai hanci, in ba komi ka zage ni gaban kowa."

"Ni nah haɗa gam ɗin ga. Yadda Likita yac ce haka niy yi, ban ƙara ba ban rage ba. Na gani da idona ya kama."

"Ban ce ka yi kuskure ba."

"To mi kac ce?"

"Na ce shina wari."

Ya ɗauki farantin, sai na ji almakasan suna ƙara a ciki. Ashe shi ma tsoro ne ya cika shi, ba ya son ya je ya ji abin da na ji.

"In an sauko Juma'a ina zuwa," in ji shi, ya shige ciki ya turo ƙofa.

Na koma ɗaki na zauna. Na yi tunanin in bari a sauko Juma'ar. In na tsallake Sodangi na je wurin Likita aka ga ba komai, na gama zubar da mutuncina a gidanmu, har in mutu ana cewa Illo ya bi ƙanensa da hassada har wurin aiki. In kuma akwai, to ni ne na kai ƙarar gam ɗin da Baba ke alfahari da shi. Ko ta ina ba a gode mini. Ina cikin wannan sai mai gadon kusa ya yi tari ya bugi gadonmu da ƙafa, Baba ya cije leɓe har ya yi jini, bai yi ƙara ba.

Akwai gwangwanin madara da Baba ke tofa yawu a ciki. Na ɗauraye shi, na tsiyaya ruwan kwalbar kaɗan, na rufe da hulata na fita.

Na san motar Likita, wata fara ce yana ajiye ta gindin dogon yaro. Na tsaya a jikinta. Rana ta take, masu tafiya masallaci suna wucewa da dardumai a kafaɗa suna kallon mutum ba hula yana riƙe da gwangwani. Can sai ga shi ya fito cikin farar jallabiya, makulli a hannu. Ba na jin Turanci, Larabcina kuma na salla ne. Na yi masa sallama ya amsa, ya ɗauka roƙo na zo, ya sa hannu a aljihu.

"A'a," na ce. "Baba. Ladan. Gado bakwai." Na nuna gefen cikina inda robar take, na ɗage hula na miƙa masa.

Ya duba, ya karkata gwangwanin wajen haske. Sa'an nan ya kai hanci. Ya mayar da makulli aljihu ya juya, ni kuma ina binsa da ɗan gudu don ƙafarsa doguwa ce.

A bakin gado ya ɗage rigar Baba, ya danna cikin a hankali, ya saki da sauri. Baba ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Likita ya yi wa Sista magana da Turanci, ta bar keken magani a tsakiyar ɗaki ta fita da gudu. Ba a jima ba Sodangi ya shigo da gadon turawa. Bai dube ni ba. Mu biyu muka ɗaga Baba, shi ta kai ni ta ƙafa, ya tura suka tafi.

Aka koma baranda. Inna da Gwaggo sun zo da kwanon abincina suka tarar da gado ba kowa. Tambari ma ya biyo daga masallaci.

"Ga abin da bakinka yaj jawo," in ji Gwaggo Hajjo. "Mutum na samun sauƙi ka sa mishi baki. Kwana biyu tak."

Ni ma wani gefen zuciyata yana cewa watakila haka ne.

"Haba Hajjo," in ji Tambari. "In da baki na kwance hanji, da ban sayi wuƙa ba."

"Kai kuma rufa mini baki, kai kat tone shi."

Inna ta buɗe kwano ta turo gabana tana kallon wani wuri. Ban iya ci ba.

Sai bayan la'asar Sodangi ya fito. Koren kayansa sun jiƙe da gumi. Ya tsaya gabanmu yana magana da Inna.

"Shina da rai. Ta baya ɗinkin yah huje, wuri ɗaya, bai kai ƙwayar dawa ba. Sauran duk ya kama. Likita ya ce naman wurin na jini bai isa ba, ko zare ko gam ba ya riƙe naman da ba shi da jini. An wanke cikin. An hiddo bakin hanji ta gehe, nan za shi riƙa bayan gida cikin jaka har wata uku, sannan a maida. Ya ce da an kai gobe da sahe…"

Bai ƙarasa ba. Ya zauna a kan tabarmata, gefena, da kayan aikin nasa. Muna nan zaune mu biyu har aka turo Baba.

Sati uku muka ƙara a asibiti, sannan muka dawo gida. Jinyar tana hannuna har yanzu, ni ke wanke wurin in canza jaka safe da yamma, don Baba ya ce ba ya son Sodangi ya ga wannan. Ba wanda ya faɗa masa wa ya kai gwangwani wurin Likita. Sodangi bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, ban san yadda zan fara ba. Gwaggo Hajjo kuwa har yau in na shiga inda ake zancen mara lafiya sai ta ce in yi shiru. Masu dubiya suna zuwa zaure, magana ta ɗan canza amma mai ita bai canza ba.

"Sau biyu Sodangi na shiga da ni shina hitowa da ni."

In na ji har yanzu tana sukata. Ban warke ba, ragewa ta yi.

Jiya da yamma ina tsakar gida ina kankare fata, Sodangi ya kafe babur ya zo ya tsuguna kusa da tukunyar jiƙo, bai toshe hanci ba.

"An sa rana," in ji shi. "Talata ta sama za a maida hanjin."

"Allah shi kai mu."

"Likita ya ce gam ya rage na mutum guda. Za shi sake sawa."

"Kai za ka haɗa?"

"Ni." Ya ɗauki wani guntun fata yana juyawa. "Kwalbar ƙarƙashin gado hwa? Kai za ka zamna gare ta?"

"Wa za shi zamna in ba ni ba?"

"In ka ji wani abu, ni za ka hwara hwaɗa ma. Ina zuwa."

"To."

Na ce Allah ya sa ya kama wannan karon. Bayan ya tashi na tsaya da wuƙa a hannu na ɗan saurari zuciyata, in ji ko da gaske na faɗa. Da gaske ne, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Na ci gaba da kankara, don fatar ba ta jira.